Furosesar da Za Ta Iya Zaman Sakkwato

Duk wanda ya taɓa ɗaura niyyar haɗa kwamfutar gem da hannunsa, wato ya sayi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya ya jona, ya san cewa gardamar farko a kan furosesa ake yin ta. Ita ce 'yar ƙwaƙwalwar nan da faɗinta bai wuce na akwatin ashana ba, amma ranar da ka zaɓe ta, ita kuma ta zaɓa maka dangi: irin madabod ɗin da za ta zauna a kai, irin ram ɗin da zai karɓa, fankar da za ta riƙa yi mata fifita, har da yawan wutar da gidanku zai riƙa ciyar da ita. Wanda ya nemi aure ya san yadda abin yake. Yarinya ka gani kana so, amma da surukai za ka zauna.

Mu uku ne muka yi wannan gardamar a Mabera, tun daga Nuwamban 2024 har shekara ta juya. Dukanmu da difloma muka fito daga kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Babbanmu yana ɗaukar bidiyon biki da suna, na tsakiya yana zaune a rumfar POS, ƙaraminmu kuma yana buga takardu da katin gayyata a shagon wani. Wata 14 muka yi muna zubi tsakaninmu har muka tara naira 850,000. A unguwarmu wannan kuɗin jarin kanti ne. Mahaifin babbanmu da ya ji labari bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: “To shi wanga abu, mi shika haihuwa?” Saboda wannan tambayar muka yi wa juna alkawari cewa kwamfutar za ta yi ƙwallo da dare, amma da rana sai ta ci da kanta, ta haɗa bidiyon biki ta zana katin gayyata. Idan ta mutu a wata na uku, babu wani zubin da za mu sake, kuma babu idon da za mu kalli dattijon nan da shi.

Abu na farko da kowa ke yi shi ne ya shiga YouTube, mu ma mun shiga, mun ƙone data ba kaɗan ba. Masu gwajin nan na Amurka da Ingila da Ostareliya sun san aikinsu, ba mu raina su ba. Za su jera furosesa ashirin, su nuna maka wadda ta fi fitar da hoto da yawa a daƙiƙa ɗaya, su ce ga ta ɗaya ga ta biyu. Sai dai akwai wata lamba da suke faɗa a guje, ko su rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan allo: zafin ɗakin da aka yi gwajin. Galibi digiri 21 ne zuwa 25. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, rana na wuce digiri 40 ba tare da kowa ya ɗauki abin labari ba, kuma ɗakin da muka tanada rufin kwano ne da silin mai tsufa.

Wannan lambar ta fi duk sauran muhimmanci a wurinmu, ga kuma dalili. Fankar furosesa ba ta ƙera sanyi. Abin da take yi kawai shi ne ta kwashe zafi daga jikin ƙarfen ta zuba shi cikin iskar ɗaki. Idan iskar ɗakin ta ƙaru da digiri 15, furosesar ma za ta ƙaru da kusan digiri 15 a kan aiki iri ɗaya. Wadda Bature ya nuna tana digiri 82 a ɗakinsa mai na'urar sanyi, a namu ɗakin tana bakin 100 ke nan. Kuma kowace furosesa tana da iyaka: na Intel da muka duba 100 ne, Ryzen 5 5600 ta AMD kuma ba ta kai haka ba. Idan ta kai can ba ta ƙonewa nan take, rage gudu take yi da kanta don ta tsira. Ka biya kuɗin doki ke nan, yana isowa Afrilu ya koma tafiyar jaki, daidai lokacin da ɗan wasanka ya shiga da'ira zai buga.

Na biyu shi ne wuta, wadda masu gwajin ba su ma san ana tunaninta ba. A shagon da babbanmu ke aiki akwai sola da inbata da batir biyu masu lamba 12 da 200. A takarda wat-awa 4,800 ke nan, amma duk mai haɗa sola zai gaya maka kada ka sha irin wannan batir fiye da rabi idan kana son ya yi maka shekaru. Saura 2,400. Kwamfutar da ke jan wat 300 har da allonta za ta yi awa takwas a lissafi, ka cire abin da inbata ke ci da na fankar sama biyu, ka ce awa biyar. Wadda ke jan 650 kuwa, kafin a gama gasar mutum huɗu inbata ta fara kuka. Janareta ba mafita ba ce tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi. Sannan duk wat ɗin da kwamfuta ta sha, zafi yake komawa a cikin ɗakin da kuke zaune. Jikin babban mutum yana fitar da kusan wat 100, don haka kwamfuta mai wat 300 kamar ka ƙara mutum uku ne a ɗaki, marasa magana, masu numfashin wuta. Da muka ga an rubuta cewa Core i9-13900K ita kaɗai tana iya jan wat 253, ba mu ma tsaya tambayar kuɗinta ba.

Kafin mu kai ga abin da muka saya, bari mu faɗi abin da ya kusa raba mu, domin shi ne tarkon da ya fi kama mutanenmu. Na tsakiyarmu ya dawo wata rana daga wajen Emir Yahaya da murna, ya ce ya samo kwamfuta sukutum, i7, 'yar Beljiyam, a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da muka tara ba. Kati kawai za mu saka mata. Muka bi shi. Mai shagon dattijo ne mai fara'a, ya ɗauko ta ya share mata ƙura da gefen riga ya ce, “Samari, i7 ta hwa. Ba i3 ba, ba i5 ba. Wagga ita ag gaba da su duka.”

Ƙaraminmu ya ce, “Baba, a kunna muna mu ga lambarta.”

Aka kunna. i7-3770. Mun yi imani dattijon bai yi niyyar cutar kowa ba, abin da ya sani ya faɗa, kuma a shekarar 2012 da aka fitar da ita gaskiya ya faɗa. Amma i3 da i5 da i7 sunayen sarauta ne, ba su gaya maka shekarun mai riƙe da ita. Shekarun suna cikin lambar da ke biye: 3770 tsara ta uku ce, 4790 tsara ta huɗu ce ta 2014, 12100 kuma tsara ta goma sha biyu ce ta 2022. Wannan i3-12100 da ake yi wa kallon ƙanƙanta tana da ƙwaya huɗu da zare takwas, daidai da tsohuwar i7 ɗin, kuma kowace ƙwaya tata ta yi wa waccan nisa ƙwarai. Ga wata matsalar a bayan wannan: Windows 11 a hukumance ba ta karɓar abin da ya gaza tsara ta takwas a Intel, kuma Microsoft ya riga ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10. Waɗannan kwamfutocin ofis na HP da Dell suna da ƙarko, ga mai buga takardu ko ɗalibi babu abin da ya fi su araha. Amma akwatinsu matsattse ne, na'urar ba da wutarsu ƙarama ce, wasu ma filoginsu na daban ne da ba ya karɓar na kasuwa. Muka yi wa Baba godiya, muka sayi linzami ɗaya a wurinsa don kada mu fita hannu rabbana.

Akwai ɗan'uwan wannan tarkon a intanet, wanda ƙaraminmu ya kwana biyu yana yi mana wa'azinsa: furosesar Xeon da ake cirowa daga tsofaffin manyan kwamfutocin kamfanoni, a haɗa ta da madabod marar suna a sayar da araha daga Sin. Ƙwaya 12! Lallai E5-2670 v3 ƙwaya 12 gare ta, amma 'yar 2014 ce, kuma wat 120 aka rubuta mata. A nan ne muka zauna muka fahimtar da juna mene ne ƙwaya, da misalin da duk ɗan Sakkwato ya sani, shagon tela ana saura mako biyu salla. Idan ankon biki aka kawo, kala ɗaya mutum talatin, shago mai tela goma sha biyu ya fi mai shida, ko da tsofaffi ne, domin aikin yana rabuwa. Haɗa bidiyo haka yake. Amma idan babbar riga ɗaya ce ake jira a yi mata aiki a wuya, mutum ɗaya ne zai zauna a kanta, sauran sai dai su miƙa zare. Gem ya fi kama da babbar rigar nan. Yana da babban aiki guda da ba ya rabuwa sosai, don haka gwani shida masu sauri sun fi masa tsofaffi goma sha biyu. Mu kuma da muke son ƙwallo da bidiyo duka, sai muka tsaya a kan shida: huɗu sun yi wa bidiyo kaɗan, takwas sun fi ƙarfin aljihu.

Na tsakiyarmu da ya rasa i7 ɗinsa sai ya yi tsalle zuwa ɗaya ƙarshen. Ya ce tunda sabo za mu saya, mu sayi na gobe: mazaunin AM5 na AMD, wanda ya fito a Satumban 2022, kuma kamfanin ya ce zai ci gaba da yi masa furosesa har 2027 ko fiye. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin AMD ya taɓa cika irin wannan alkawarin. Mazaunin AM4 ya fito a 2016, kuma har 2024 ana fitar masa da sababbi. Matsalar ita ce AM5 ba ya karɓar ram sai DDR5, madabod ɗinsa ma ya fi tsada. Da muka buga lissafi, bambancin zai cinye rabin kuɗin katin hoto. Kuma a kwamfutar gem katin hoto ne ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Wasan da muka fi so, EA Sports FC 24, mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne Ryzen 5 1600 ko i5-6600K, furosesoshin 2017 da 2015. Babu ma'ana mu sa kuɗinmu a inda wasan bai nema ba, mu bar inda yake jin yunwa. Kuma “gobe” a ƙasar nan da dala ake sayenta. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Wanda ya sayi mazauni don furosesar da zai saya bayan shekara uku, bai san da wace naira zai saye ta ba.

Sai aka bar mu da biyu, waɗanda duk wanda ya yi bincike a wannan aji yake isowa gare su: Ryzen 5 5600 ta AMD da Core i5-12400F ta Intel. Dukansu 'yan 2022 ne, ƙwaya shida zare 12, wat 65 a rubuce, suna karɓar ram ɗin DDR4 da ke da sauƙin kuɗi a lokacin, kuma a gem tazarar da ke tsakaninsu ido ba ya ganinta. A nan ne gardamar ta yi tsawo, kuma a nan ne muka ga cewa abin da zai raba su a Sakkwato ba ya cikin jadawalin kowa.

Ryzen ɗin tana da abubuwa masu kyau da ba za mu ɓoye ba. Ta fi araha kaɗan. Iyakar abin da take ja wat 76 ne, ita kuwa ta Intel an ba ta izinin kaiwa 117 idan aiki ya yi tsanani. Kuma mai ita yana iya cire ta wata rana ya saka 5700X3D a mazauni ɗaya ya samu ƙarin gudu mai yawa. Da a Legas muke, da wataƙila ita muka ɗauka. Abin da ya tsayar da mu shi ne madabod. Mai araha da kuɗinmu zai iya saye shi ne B450, wanda ya girmi furosesar da shekaru. Idan ka yi rashin sa'a aka aiko maka wanda ya daɗe a sito, ba zai gane ta ba sai an sabunta masa BIOS, wato ɗan ƙaramin shirin da ke tayar da shi. Wasu suna da maɓallin yin haka babu furosesa, da yawa daga masu arahar ba su da shi, sai ka samo tsohuwar Ryzen ka saka tukuna. A Ikeja ka leƙa shagon maƙwabci ka aro. A Mabera wa za ka tambaya? Mun ƙirga mutanen da muka sani masu kwamfutar tebur mai Ryzen a garin nan, yatsun hannu ɗaya ba su ƙare ba, kuma babu wanda zai yarda ka kwance masa tasa. Sannan sabunta BIOS aiki ne na 'yan mintuna da idan wuta ta ɗauke a tsakiyarsa madabod na iya zama faranti. B550 ya fi kwanciyar hankali, amma kuɗinsa ya share arahar da ta ja mu tun farko. Madabod H610 ko B660 kuwa tare da tsara ta 12 aka haife su, babu gabatarwa tsakaninsu.

To, mun karkata ga Intel. Sai babbanmu, mai bidiyon biki, ya ɗora yatsa a kan harafin ƙarshe ya ce, “Wanga F ɗin fa?”

F na nufin an kashe ɗan ƙaramin injin hoton da ke cikin furosesar. Ba ta iya nuna komai a allo sai da katin hoto na daban. Ryzen 5 5600 ma haka take, ba ta da shi. Kusan duk mai ba da shawara a duniya cewa yake ka sayi mai F, tunda kati za ka saka, don me za ka biya kuɗin abin da ba za ka yi amfani da shi ba? Bambancin farashin da Intel ya sa tsakanin 12400 da 12400F dala 25 ne. A wurinsu kuɗin abincin rana ne. A wurinmu a lokacin kusan naira 40,000, kuɗin da zai sayi ram guda ko ya ƙara mana girman ma'ajiya. Na tsakiyarmu ya ce wannan ɓarna ce tsagwaronta, kuma ya yi kwana uku yana faɗa.

Ga abin da babbanmu ya shimfiɗa, wanda har yau muke ganin shi ne maganar da ta fi kowace nauyi a duk wata biyun nan. Katin da kuɗinmu zai kai gare shi RX 6600 ne, mai wat 132, kuma na hannu. Katunan hannu sun cika kasuwa tun Satumban 2022 da Ethereum ta daina haƙa da katin hoto, kuma ba ka da hanyar sanin wanne ne ya yi shekara biyu yana aiki dare da rana a wani sito. A ce ya mutu ranar Laraba, ga bidiyon biki an karɓi rabin kuɗi, uwar amarya tana kira. Idan furosesarka mai F ce, allo baƙi ne, shi ke nan. Kano ta fi kilomita 500 daga nan, Legas ta fi 1,000. Kafin ka tara kuɗin wani katin, a saya, a saka a mota, ya iso, amarya ta yi wata a ɗakinta, sunanka kuma ya gama zaga dangi. Idan marar F ce, ka zare wayar allo daga katin ka soka a madabod, ka ci gaba da aiki. Ƙwallo za ta tsaya, abinci ba zai tsaya ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce ranar da muka haɗa ta, idan muka danna ba ta nuna komai ba, ta yaya za mu san mai laifi? Kati ne, ko ram, ko madabod, ko furosesar kanta? Mai gyara a babban birni yana da na gwaji a aljihun tebur, ya canza wannan ya canza wancan. Mu ba mu da ko ɗaya. Garantin kayan hannu kuwa kwanaki ne ƙalilan, kuma yana fara ƙirga tun kayan suna tasha. Da injin hoto na ciki, sai ka cire katin ka kunna. Idan ta tashi, ka san wanda za ka mayar tun kwanakin ba su ƙare ba. Ƙari a kan haka, ɗan injin nan na Intel yana da wani sashe da suke kira Quick Sync, wanda aikinsa buɗe bidiyo da matse shi, kuma manhajojin haɗa bidiyo da yawa suna amfani da shi. Ashe ma ba zaman banza zai yi ba.

Wani zai ce ai AMD ma tana da 5600G mai injin hoto a ciki, wanda ma ya fi na Intel ƙarfi a wasa. Haka ne, mun duba ta. Ga wanda ba shi da kuɗin kati ko kaɗan kuma yana son ya fara wasa yau, ita za mu nuna masa. Amma an rage mata rabin rumbun kusa, mega 16 maimakon 32, kuma ranar da ka saka mata kati za ka ji wannan ragin. Ga maganar BIOS tana nan ba ta tafi ba.

Mun kuma ƙi hawa sama zuwa tsara ta 13 ko ta 14 duk da suna zama a mazauni ɗaya. A 2024 Intel da kansa ya amsa cewa wasu daga cikinsu suna neman wutar da ta wuce kima har suna lalacewa a hankali, ya fitar da gyara, ya ƙara wa masu su shekara biyu a garanti. Garantin da za ka aika kaya ƙetare kafin ka ci moriyarsa, ɗan Mabera bai san yana da shi ba. Tsara ta 12 ba ta cikin wannan rigimar.

Sayen kansa wani karatu ne. Babu marar F a shagunan da muka zaga a gari, kowa sai ya ce zai sa a kawo. Muka bi ta hannun wani ɗan unguwarmu da ke sayar da waya a Computer Village ta Ikeja. Sharaɗinmu ɗaya ne: a ɗora furosesar a kan madabod ɗin da za a aiko mana, a kunna, a buɗe manhajar CPU-Z muna kallo ta bidiyo, da takarda mai kwanan wata a gefen allo. Rubutun da ke kan murfin furosesa ana iya goge shi a sake wani, abin da take faɗa da bakinta a allo ya fi wuyar ƙirƙira. Muka ce kuma a bar ta a zaune a mazauninta a ɗaure a aiko, domin a wannan tsarin na Intel alluran suna jikin madabod ne, guda 1,700, sirara kamar gashin jariri, kuma guda ɗaya ta lanƙwashe a hanyar Kwantagora ta isa ta jawo gardamar da ba mai raba ta. Kwana uku kayan suka yi a mota. Na tsakiyarmu ya je tasha sau biyar.

A Janairu muka haɗa, hunturu na tsakiyarsa. Iskar lokacin busasshiya ce, irin wadda kana taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka, kuma wannan ɗan jan ya isa ya kashe ram. Muka cire takalma, kowa ya riƙa taɓa ƙarfen taga kafin ya taɓa komai, muka shimfiɗa kwalin madabod a kan tebur. Fankar da ke zuwa da furosesa a kwali muka ajiye gefe, muka saka mai dogon ƙarfe da bututun jan-ƙarfe huɗu. Ta ruwa ba mu ko tanka ta ba. Famfo ne a ciki, kuma duk abin da ke da famfo yana da ranar tsayawa. A BIOS muka ɗaure furosesar a wat 65, kada ta ce za ta kai 117. Abin da muka rasa na gudu sai a dogon bidiyo ake lura da shi, a ƙwallo babu.

Katin bai iso ba sai bayan mako biyu, domin wanda aka fara nuna mana fankarsa ɗaya tana ƙara muka ce a nemo wani. A waɗannan makonni biyun kwamfutar ta haɗa bidiyon suna guda biyu da katin gayyata ɗari uku da ɗan injin hoton da aka ce kada mu saya. Da dare kuma muka riƙa buga tsohuwar PES 2017 a ƙaramin hoto, 'yan wasan kamar an zana su da gawayi, amma ana cin ƙwallo ana ihu. Daga kuɗin sunan farko babbanmu ya sayi goro da turare ya kai wa mahaifinsa, ya ce, “Baba, ga abin da ta haihwa.” Dattijon ya karɓa, ya ce Allah shi ƙara, bai ƙara ko kalma ba.

Afrilu ne jarrabawar gaske. Da ƙarfe uku na rana, ma'aunin da muka rataya a bango yana nuna 38 a cikin ɗaki, furosesar tana wasa tsakanin 68 da 74. Katin ne ya fi shan wuya, yana haura 80, har muka ƙara fanka biyu a gaban akwatin muka ɗora shi a kan benci, domin ƙurar ƙasa ta fi ta sama. Mun yanka tsohon gidan sauro mun manna a inda iska ke shiga. Duk mako biyu muna buɗewa mu hure da abin hura na masu gyaran waya. Iskar mai faci ba ta yi, tana zuwa da danshi. Abin da ke fitowa daga gidan sauron nan a watan Fabrairu ya isa a shuka gero.

Mun san mazaunin da muka zaɓa ya kai ƙarshen hanyarsa. Tun Oktoban 2024 Intel ya koma wani sabo, kuma ranar da 12400 ta gaza mana, da madabod da ram za su tafi tare da ita. Na tsakiyarmu ba ya bari mu manta. Har yanzu hoton Ryzen 7 7800X3D ne a fuskar wayarsa, kuma gaskiyarsa ce cewa ba ta da cin wuta a wasa duk da ƙarfinta. Dala 449 aka sa mata ranar da ta fito. Mun ce masa duk ranar da rumfar POS ta haifi wannan, mu za mu je tasha da kanmu mu ɗauko. Kafin nan, shi ke da daren Talata da na Alhamis a jadawalin da muka manna a bayan ƙofa, kuma shi ne zai hure ƙurar wannan makon.